Mai Tsintar Kabon a Faskari

Duk ranar kasuwar Faskari yana nan gindin darbejiya, bayan teburin mai buga wa mutane takardu da tafireta. Kwat ɗin safari, agogon zinare, takalmi sai ƙyalli, amma sana'arsa tsince-tsince, kamar kazar da ta yi boko.

Ba kowace shara yake so ba, sai baƙar takardar kabon, wadda ake sakawa don a sami kwafi, a jefar in an gama. Ba a san aikinsa ba, sai dai motar wani ɗan kwangila ce ke sauke shi.

Yau manoman Mairuwa sun buga ƙarar ɗan kwangilar nan kan gonakinsu, sun ninke takarda cikin hula, sun tafi, wai asiri ya rufu. Sabon kabon kuwa ba ya mantuwa.

Ga mai kwat ɗin ya ɗaga kabon ɗin ga rana, leɓɓansa na motsi.

Mero mai goro ta ce, "Alhaji, ƙosai za a naɗe, ko laya?"

Bai yi dariya ba. "Inna, cikin mutanen nan wane ne Gide?"

Mero ta shiga yayyafa wa goro ruwa. Gide ɗanta ne na fari.