Waken Malama Rudaina

Abu Ghassan ya ƙare ƙuruciyarsa yana buɗe jakunkunan matafiya a kan iyaka, kuma da ya bar aikin kwastan bai bar halin ba. In mai burodi ya yi masa murmushi, sai ya juya burodin ya duba ƙasansa. Matarsa ma, Allah ya jiƙanta, ta sha tambayoyi a kan inda man zaitun yake tafiya.

Don haka da aka sa jikarsa Lujain ajin ƙananan yara a garin Irbid na ƙasar Jordan, yarinyar da yake ji da ita kamar ransa, sai ya sa wa malamarta ido. Watanni suka shuɗe, ko harafi ɗaya ba ta kawo gida ba. Sai tafi, sai waƙa, sai busasshen wake a aljihu. Wai Malama Rudaina kan faɗi kalma, yara su tura ƙwayar wake ɗaya ga kowane sautin da suka ji a cikinta, wai kunne ake fara koya wa karatu kafin ido. Shi dai ya san lalaci in ya gan shi. Abin da ya fi ƙona masa rai, maƙwabciya ta tsegunta masa cewa malamar kan zagaya bayan Lujain ita kaɗai, ta yi ta maimaita kalma, sauran yara suna kallo.

Ya sa kwat, ya yafa jan rawaninsa, ya tafi cire jikarsa daga makarantar. Malama ta kawo masa gahawa, ya ajiye bai kurɓa ba, don a san da magana ya zo.

"'Yata, me jikata ta tsare miki?"

"Alhaji, in tana kallon bakina babu wanda ya kamo ta. Da na koma bayanta, wakenta ba ya motsi. Ku kai ta a duba kunnenta."

Ya yi murmushin wanda ya gano bakin zaren. Lallai tana da ɗan'uwa likita da take tura wa mutane. Ya ja hannun yarinyar suka fita.

Bayan la'asar ya tarar da Lujain zaune a barandar gida, ta ba ƙofa baya, tana jera wakenta. Ya lallaɓa ya tsaya a bayanta don ya kama malamar da ƙarya. Ya kira sunanta a hankali. Ba ta juyo ba. Ya ɗan ɗaga murya, ta ci gaba da tura wake. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa sani ba. Ya tsaya yana kallon ƙeyarta, yana roƙon Allah ya sa yaudararsa yarinyar take yi.