Shuɗin Tamfol ɗina

Ranar Talata ce, ƙarshen damina, dawa ta fi mutum tsawo. Bayan asuba na dafa wa Rabi ruwan wankan jego. Matar ɗana na fari ce, kwananta biyar da haihuwa. Jibi suna, rago na ɗaure a gindin darbejiya. Da rana ta ɗaga na shimfiɗa tamfol ɗina shuɗi a tsakar gida, na baza yankakkiyar kuɓewa. Ba shi da nauyi, in an ninke shi bai fi sallaya ba. Da shi ɗan nawa ke tafiya gona mai nisa lokacin yankan gero, ya kafa ya kwana ƙarƙashinsa. Rabin garinmu sun taɓa aronsa. Wanda ya fi kowa aro shi ne Tanko maƙwabcinmu, wanda ya ci tuwona fiye da na uwar da ta haife shi.

Wajen ƙarfe tara muka ji babura ta yamma. Ba ɗaya ba, ba goma ba. Sai harbi, kamar ana zuba tsakuwa kan kwanon rufi. Wani ya ƙwala ihu daga bakin masallaci: "Ku fita! Ga su nan!"

Ɗana ya faɗo gida da adda a hannu. Ya kama Rabi, na goya jinjirin. Ban san yadda aka yi na tattare bakin tamfol ɗin na ɗora a ka ba, har da kuɓewar ciki. Muka bi ta bayan rumbu muka faɗa cikin dawa. A bayanmu ana kora shanu, ana ƙona gidan mai unguwa. 

Mun yi tafiyar awa biyu, muka nufi wajen Fakuwa. A nan ƙafar Rabi ta ƙare, jini na bin zanenta. Ga hadari ya haɗo ta gabas, baƙi ƙirin. Maijego in ruwa ya dake ta, ai sai dai wani ikon Allah.

Ɗana ya ɗaure igiya tsakanin kalgo biyu, daidai gwiwa. Ya yafa tamfol a kai, ya sauke gefen gabas har ƙasa ya danne da duwatsu. Ya sari turaku ya kafe ɗaya gefen. Ya ja 'yar hanyar ruwa da adda. Sannan ya ɗebo laka daga kwarin da ke kusa ya shafe tamfol ɗin kaf, ya ce shuɗi daga nesa ake hango shi. Muka shiga da rarrafe.

Ruwa ya sauko da azahar. Ya yi awa guda cur. Ko ɗigo bai taɓa Rabi ba. Amma da ya ɗauke, ya tafi da lakar duka. Rana ta fito, tamfol na ƙyalli, fes, kamar yau aka sayo shi.

Da la'asar ɗana ya koma kwari ɗebo wata lakar. Bai fi taku talatin ba. Ya duƙa, ya ba mu baya, ruwan kwari na ta ruri. Daga bakin tamfol na hango mutum uku tafe a kan kunya. Biyu da bindigogi. Na tsakiya Tanko ne. Hannunsa ba a ɗaure yake ba, na duba da kyau. Da wannan hannun ya nuna shuɗin.

Na buɗe baki in kira ɗana. Shekara ashirin da bakwai ban taɓa faɗin sunansa ba. Ɗan fari ne, akwai kunya, haka uwata ta yi, haka kakata. Sunan ya zo maƙogwaro ya tsaya. Abin da ya fita shi ne: "Kai! Kai wannan!"

Bai juyo ba. Mutum na tsintar sunansa ko cikin hayaniyar kasuwa, amma wa zai ji "kai" cikin rurin ruwa? Na sake kira. Sai da suka matso sannan ya miƙe, laka cike da hannu biyu. Ya gan su. Bai dubi wajenmu ba ko sau ɗaya. Ya kwasa da gudu ya yi arewa yana ihu, don su bi shi. Suka bi shi.

Harbi uku na ji. Na ja Rabi ta bayan tamfol, muka yi rarrafe cikin dawa, na toshe bakin jinjiri da ɗan yatsana. Kafin magariba muka kai titi. Wani mai motar icce ya kawo mu Kankia.

Washegari maza suka koma. A cikin tamfol ɗin suka ɗauko gawar ɗana.

Tanko bai sake taka garin ba. An ce yana daji tare da iyayen gidan nasa, an ce an gan shi wajen Kusada. Malamai sun zo gaisuwa, suna ta cewa in yafe. Ban yafe ba, ba kuma zan yafe ba. Kowace sujada sai na kai ƙararsa. Allah ya isa tsakanina da shi, Allah ya busar da hannun da ya yi nunin nan tun yana numfashi. Tamfol ɗin na ninke a ƙarƙashin katifata, ban wanke ba. Na san wanda nake so a ɗauko cikinsa.

An yi suna a soron wani ɗan'uwa, babu rago. Aka mayar wa yaro sunan ubansa. Mata suka ce a riƙa ce masa Magaji, don a sauƙaƙe mini. Na ce a'a.

Mu huɗu muka fita, mu uku muka iso. Yanzu yaron ya fara tafiya. In ya nufi ƙofa sai in ce, "Usmanu." Yana juyowa tun kira na farko.