Shekarar da Ɗan Kore Ya Sa Baƙi

Wata Asabar ce cikin daminar 1986, ruwa ya ɗauke amma ƙasa ba ta tsane ba, yayana Ishaya ya shigo gidanmu na haya a unguwar Narayi da komik, littafin labari na zane-zane, a naɗe ƙarƙashin rigarsa. Ina tsugune bakin famfo ina kankare tukunyar wake. Ya buɗe shafin farko ya ɗora mini a gwiwa, hannuwana duk kumfa. Jarumin da muka saba gani da koren kaya da ɗamara rawaya yana tsaye a kan rufin wani dogon bene, ya sa baƙi tun daga wuya har tafin ƙafa. Na ɗaga kai na dubi ƙofar ɗakinmu. Mama na zaune a kan 'yar kujerarta tana tsince shinkafa, da baƙin zane da baƙar riga da baƙin ɗankwali. Ishaya ya rage murya ya ce, "Kin gani? Shi ma an yi masa rasuwa." Na ce to, na ci gaba da wanke tukunyata.

Da bazarar shekarar Baba ya rasu. A masaƙa yake aiki a Kakuri, kullum ya tafi da kekensa, ya dawo da ƙurar auduga a gashin kai. Ciwon ciki ya kwantar da shi 'yan kwanaki, shi ke nan. Ina 'yar shekara goma, kuma ban yi kuka ba, har matan da suka zo gaisuwa suna cewa yarinyar nan ba ta gane abin da ya faru ba. Na gane sarai. Cikina ne kawai ya yi tsit, kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta. A wajenmu, mace in mijinta ya mutu sai ta shekara cikin baƙin kaya, kuma Mama ta sa nata tun ranar da muka dawo daga binne shi a ƙauye. Kafin nan kuwa, kowa a layinmu ya san dariyarta. In ta fara, sai ta dafa bango tana share hawaye, maƙwabta na ce mata, "Maman Ishaya, rediyon nan naki ba a rage masa murya ne?" Da ta sa baƙi, dariyar ta ɗauke gaba ɗaya. Tana dafa abinci, tana nome 'yar gonar masararmu ta bayan gida, tana yi mini kitso ranar Lahadi da yamma, amma sai ta gama kaina kaf ba ta ce mini ko juya ba, da hannu take juya ni.

Komik ɗin nan kuwa, wajen wani mai tsoffin jaridu a Sabon Tasha Ishaya yake samo su. Mutumin yakan baza kayansa a ƙasa ya danne da duwatsu, kuma abin da ka tarar shi za ka ɗauka. Wani babu bango, wani an yage ƙarshensa, wani gara ta ci rabin faɗan. Ba mu taɓa samun biyu a jere ba. Sunan jarumin ma ya gagari bakinmu, sai muka raɗa masa Ɗan Kore. Abin da muke so a wajensa ba ƙarfin ba ne kaɗai, bakinsa ne: yana naushin mugu yana yi masa ba'a. In an taso daga makaranta, an ɗebo ruwa, an share tsakar gida, sai yaran layi su ajiye tayoyin da suke garawa su taru a gindin mangwaro. Ishaya ne mai karantawa yana mayarwa da Hausa, kuma yanzu na tabbata rabin barkwancin Ɗan Kore daga kansa yake fitowa. Ni kaɗai ce mace a wurin, an ƙyale ni ne saboda littafin na yayana ne, da sharaɗin kada in taɓa shi da hannun manja.

Ranar da baƙin kaya ya bayyana, gardama ta kaure. Terna, ɗan maƙwabtanmu mutanen Binuwai, wanda bai taɓa yarda an kayar da shi a magana ba, ya ce an lalata labarin kawai, ta yaya za ka kira mutum Ɗan Kore alhali ya koma kamar gawayi. Wani yaro ya ce tsadar kaya ce ta kai har ƙasar Turawa, koren fenti ya yi wuya kamar yadda madara da sabulu suka yi a wajenmu. Wani ya rantse ba shi ba ne, ƙaninsa ne. Ishaya ya bar su suka gaji, sannan ya buɗe littafin shafi bayan shafi. Ya ce su nuna masa wuri ɗaya da mutumin ya yi ba'a. Babu. Yana dukan mutane bakinsa a rufe, akwai ma inda ya tsaya shi kaɗai cikin ruwan sama bai ce komai ba. "Ba a sa baƙi haka kawai," in ji Ishaya. Yaran suka bar gardamar, don duk sun san ɗakin da muke fitowa. Ni da ba a ba ni izinin magana ba na ce, "Yaushe zai cire?" Ya ce in shekara ta cika, kamar kowa. Na ce in ya cire zai koma yin ba'arsa? Ishaya ya rufe littafin ya ce sai mun ga na gaba.

Daga ranar na ɗora raina a kan na gaba. Lissafina mai sauƙi ne: baƙin zanen ne ya riƙe Mama, kuma in Ɗan Kore ya cire nasa ya dawo yadda yake, ita ma za ta dawo. Ban faɗa wa kowa ba. Aka karya masara, muka ɓare ta a tabarma har yatsunmu suka yi kanta. Aka koma makaranta, na yi 'yar gala-gala da ƙawayena a fili, ina tsalle a ƙafa ɗaya ba tare da na damu ko na taka layi ba. Kirsimeti ya zo, an dafa shinkafa an kai wa maƙwabta, Mama ta je coci ta zauna a bencin baya, matan zumunta na rera waƙa tana motsa leɓe kawai. Duk Asabar ɗin da Ishaya ya samu zuwa Sabon Tasha, ina jiransa a bakin ƙofa. Ya dawo da wasu jarumai iri-iri, masu fukafukai da masu ƙarfe a fuska, amma na gaban namu bai zo ba.

A ƙofar makaranta na same shi, wajen mai ƙosai. Ta yago takarda ta zuba mini, ina tafe ina ci, sai na ga kore yana leƙowa ta ƙarƙashin yaji. Shafi ɗaya ne, mai ya jiƙa shi har ana ganin bayansa. Ɗan Kore ne da koren kayansa, ya riƙe wani ƙato ta ƙeya, ya wage baki yana dariya. Na cinye ƙosan tukuna, na goge takardar a siket, na ninke ta. Da yamma aka yi ta yawo da ita hannu zuwa hannu a gindin mangwaro. Ishaya ya ce, "Ya cire. Ya dawo." Terna ya juya ta gaba da baya, ya taɓe baki.

Shekara ta cika da wata bazarar. Bayan sujada ranar Lahadi matan zumunta suka biyo mu gida, suka shiga ɗaki da Mama, suka fito da ita cikin atamfa mai furanni shuɗi da ja, wadda Baba ya taɓa kawo mata daga masaƙa. Aka yi addu'a, aka yi waƙa, aka ci shinkafa. Kowa na cewa, "Maman Ishaya, kin yi kyau," tana amsawa da na gode. Ni ina raɓe jikin ƙofa ina jira. Rana ta yi sanyi, baƙi suka watse, Mama ta jawo 'yar kujerarta ta zauna inda ta saba, ta ɗora hannuwa a cinya. Na matsa na ce, "Mama, an gama ke nan?"

Ta ce, "An gama me?"

Na ce, "Baƙin."

Ta dubi atamfar jikinta kamar ta aro ce. Ta ce, "Zane ne kawai, Rahila. Je ki kwashe kwanukan can."

Na je na kwashe.

Bayan 'yan kwanaki Terna ya zo da fara'arsa. Ashe bai haƙura ba. Ya sa aka ɗauko shafin ƙosai da littafin baƙin kaya, ya nuna wasu ƙananan rubutu a can ƙasa da ba mu taɓa kulawa da su ba. Shekarar da aka buga shafin ƙosai ta riga ta ɗayan. Dariyar ta kafin baƙin ce, ba ta bayansa ba. Mu da muke samun labari yadda ya faɗo hannunmu, mun ɗauki jiya mun karanta ta a matsayin gobe. Terna na ta murna ya ci gardama, Ishaya ya shaƙe shi har sai da aka raba su. Ni ban ji haushi ba, ban ji komai ba. Na tuna ban jiƙa wake ba, na tashi na shiga gida.

Yanzu ɗana na fari yakan zauna da waya yana gardama da mutanen da bai taɓa gani ba a kan kayan jarumai, wane an canza masa launi, wane an ɓata masa hali. Su komai a jere suke samunsa, sun san abin da ya zo kafin wani. Da na ba shi wannan labari ya yi dariya, ya ce ai kamfani ne ke canza kaya don a saya, babu ruwansu da makoki, kuma in ina so zai nemo mini na gaban nan take. Na ce ya bari. Mama ta yi tsawon rai, ta aurar da mu, ta goyi jikoki. Takan yi murmushi, wani lokaci har da 'yar dariya a hankali, hannu a baki. 'Ya'yana sun san kakarsu mace ce mai shiru-shiru, in na ce musu a da ana jiyo ta daga bakin titi, sai su ɗauka ƙari nake yi. Ni da Ishaya kaɗai muka rage a gidanmu cikin waɗanda suka taɓa jin waccan dariyar.