Na'urar da ke Cewa Lafiya Lau

Yayana yana noman albasa a kwarin Tama, kuma sau biyu injin ban ruwansa yana ƙonewa don rijiya ta ƙafe injin na ta juyi ba ruwa. Ya ce in na uku ya ƙone zai bar garkar ya tafi cin rani, da furfurarsa. Ni ne ɗan lakkwal na gidan, wato ɗan boko, mai gyaran ordinata (kwamfuta) a Madawa, sai na ɗauki alkawarin haɗa masa ƙaramar na'ura da za ta kashe injin idan ya yi zafi.

Zuciyar irin wannan na'ura, wadda muke kira ƙwaya, tana rubuta halin da take ciki a wasu fishiye, wato fayil-fayil na cikin na'urar: zafi kaza, wuta kaza. Na samo a intanet wani tarin ƙananan umarni na shel, wani yaren ba kwamfuta umarni, da ke karanta su, kyauta, kowa na iya buɗewa ya duba cikinsa. Na ji daɗinsa sosai. Rubutun tsaf, kamar na mai hankali.

Ranar gwaji na kai ta garka. Na tambaye ta zafi, ta faɗa daidai. Sai na cizge wayar ma'aunin zafin gaba ɗaya, na sake tambaya. Ta ce komai lafiya. Na duba rubutun: idan fishiyen ya ɓace, umarnin ba ya kuka, sifiri yake bayarwa ya wuce. Na gyara wannan wuri, na tarar da irinsa a gaba, da wani a gabansa. Na rubuta wa masu shi, sai na ga tambayoyin wasu jibge a can shekara da shekaru, ba wanda ya amsa. Raina ya ɓaci, ga shi ba wanda zan yi wa faɗa, tunda kyauta aka ba ni.

Yayana ya leƙo allon. "Mi ta ce?"

"Ta ce lahiya lau, yaya. Ko an yanke mata waya haka taka cewa."

Ya yi dariya. "Ashe 'yar Adar ta. Mu ma ko muna mutuwa haka muka cewa."

Ko da na gama sake rubuta umarnin duka da kaina, ruwan rijiyar ya riga ya sauka inda tiyo ba ya kaiwa. Injin bai ƙone ba, albasar ce ta bushe.

Yanzu yana can bakin teku yana tura baro. Duk Juma'a ina kiransa in tambayi gwiwoyinsa, ya ce lahiya lau.