Kalmar da maigidana ya ɓuya a bayanta

Ba zan taɓa manta shekarar da maigidana ya bi motar shanu daga kasuwar Dakoro zuwa Legas ba. Ɗiyarmu tana rarrafe lokacin, ni kuwa tun kafin motar ta tashi tsoro ɗaya ke cina: kada wani abu ya same shi can, in zama ta ƙarshen ji.

Da farko saƙonnin muryarsa cike suke da hayaniya. Shanu na kuka, dillalai na gardama, shi kuma yana ɗaga murya yana tambayar ko yarinya ta fara tsayuwa. Nakan kanga mata wayar a kunne, ta yi ta lasar ta. Har Ingilishi ya fara tsinta yana yi mini burga. In na ce yaya jiki, sai ya ce "fayin". Yaya aiki, "fayin". Sannu a hankali saƙonnin suka gajarce, har ya zama kusan kalmar nan kaɗai ke zuwa.

Ni aji uku na yi a lakwal, makarantar boko, Faransancin ma bai zauna ba. Sai na goya ɗiyata na shiga wurin maƙwabciyarmu, wata madam mai koyar da Ingilishi a koleji, don in ji ma'anar kalmar. Na same ta tana tsince shinkafa. Ta ce kalmar tana da faɗi: lafiya ce, kyau ne, garin da aka niƙa ya yi laushi ma haka ake ce masa, har tarar da ɗan sanda ke yanka wa mutum. Ta jero mini 'yan'uwan kalmar da yawa waɗanda ban riƙe ko ɗaya ba. Sannan ta yi dariya ta ce, "Ke ma in an gaishe ki kina zazzaɓi, mi kike cewa? Ba lafiya lau ba?"

Na dawo gida. Gaskiya ta faɗa, mu ba mu ba da mugun labari a cikin gaisuwa. Na zauna gindin turmi na sake sauraron saƙonninsa, amma wannan karon ba maganarsa na bi ba, abin da ke bayanta na kasa wa kunne. Na baya-bayan nan babu kukan saniya ko ɗaya. Sai ƙarar fanka.

Na kira shi. Muka gaisa yadda aka saba, ya ba ni kalmarsa. Sai na ce, "Maigida, ina shanun suka tafi?"

Nan ya faɗa mini gaskiya. Ashe wani bijimi ne ya matse shi a jikin mota, ƙafarsa ta karye, yana kwance a ɗakin wani ɗan Korahane, mutumin yankinmu, tun kafin azumi. Ya ce bai so nonona ya ƙafe don damuwa ba.

Ya dawo da sanda, ya yi damina ɗaya tare da mu, ƙafar na warkewa ya koma. Yau ɗiyar tamu har ta shiga lakwal, shi kuma yana can, kuma har yanzu da la'asar idona na kan ƙofa.

Abin da na koya shi ne, mai ƙaunarka ya fi kowa iya ɓoye maka ciwonsa. Don Allah, in kuna da wani a nesa, kada ku tsaya a gaisuwa. Ku tambaye shi abin da ya ci yau, da wanda ke kusa da shi.