Ban Gajiyar Mahaifiyata a Gaban Alƙali

Shekarun baya, lokacin da kuɗin mai suka fara shigowa har kowa na ganin gobe zai sayi babur, ina tuƙa tifa a wani kamfani da ke zuba marmara a hanyar Ƙanƙara zuwa Faskari. Wata Talata aka aiko daga ƙauyenmu na ƙasar Sabuwa cewa mahaifina ya rasu. Na sami helmanmu, wato shugaban ma'aikata, na gaya masa. Ya ce in tafi, Allah ya jiƙansa. Ban rubuta komai ba. Wa ke neman biro ranar mutuwar ubansa?

Na zauna har aka yi addu'ar bakwai. Da na dawo, manaja ya miƙo mini takardar kora, wai na gudu daga aiki babu izini. Ashe har an ba ƙanen matarsa motata. Aka tambayi helma, ya sunkuyar da kai ya ce bai san da tafiyata ba. Korar ta yi mini zafi, amma kalmar gudu ta fi, don da ita a takarda babu kamfanin da zai sake ba ni makulli.

Wani ɗan ƙungiyar ƙwadago ya taimaka mini na kai ƙara, aka yi ta ɗage shari'a har wata biyar. Ni kuwa na haddace Turanci layi uku da zan faɗa a kotu, kullum ina gwada shi a kan akuyar gidanmu. Shaida ɗaya gare ni: helman nan ya zo mana gaisuwa ranar uku. Amma na kasa faɗa. Kunya nake ji in mai da gaisuwar mutuwa makami, kuma na san tsoron manaja ne ya ɗaure masa baki, ga iyali. Ko a gida ban faɗi abin da ya yi ba.

A lokacin mahaifiyata ta fita takaba, tana bin duk wanda ya zo gaisuwa tana yi masa ban gajiya. Ranar zaman ƙarshe ta ce sai ta raka ni. Na so hana ta, ta ce ai ba goya ta zan yi ba.

Alƙali ya zauna ke nan ta hango helma a benci. Kafin in riƙo mayafinta ta isa gabansa ta rusuna.

"Malam, ashe nan zan gan ka? Kai kaɗai ka rage ban yi ma ban gajiya ba. Ka taso tun daga Ƙanƙara, ga hanya ba kyau, har da goro. Allah shi ba da lada."

Helma ya dube ta, hawaye na zubo masa, ya ce, "Amin, Inna." Sai ya miƙe ya gaya wa alƙali cewa shi ya ba ni izini. Aka umarci kamfani ya janye takardar ya mayar da ni aiki. Turancina ko kalma ɗaya ba a nema ba.

Har yau ba na jin haushin mutumin nan, tausayinsa nake ji, don daga baya sauke shi suka yi daga helma. A mota muna komawa mahaifiyata ta tambaye ni me ya sa shi hawaye. Na kwashe komai na gaya mata. Ta gyara mayafi ta ce, "Duk da haka dai ya zo."