Bashar da Gargaɗin Iska

Da safiyar nan, ina shirin fita, aka kira ni cewa Bashar ya rasu bayan gajeriyar jinya. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. 

Ga waɗanda ba su san shi ba, matashi ne ɗan Wara, gwani wajen rubuta manhajar waya. Ni kuwa da girmana na koyi sana'ar, daga 'yan ƙasidun da nake saye a bakin kasuwa.

Masu jiragen ruwa na Yauri ne suka ba ni aikin manhajar da za ta sanar da su yanayin iska kafin su tashi. Saboda tsoron kada a nemi wani abu a rasa, na tsara ta yadda da an buɗe ta za ta tayar da komai lokaci guda: taswirar tafki, hotuna, jerin mashigai, maɓallai duka. A ƙananan wayoyinsu sai allo ya tsaya fari fat. Mutum ya gaji da jira, ya mayar da waya aljihu, ya tayar da inji. Shugabansu ya ce in ba ta gyaru ba za su ajiye ta, ga damina ta matso.

Bashar ya duba aikin, ya yi dariya.

"Kawu, baƙo bai ko zauna ba ka jibge mishi tuwo da hura da goro? Ba shi ruwa tukuna."

Ya nuna mini a fara shimfiɗa allo, sannan a kira abin da zai hau kansa. Gargaɗin iska kaɗai ya fara fitowa, taswira ta jira sai an taɓa ta.

Na ce, "In ta ɓace fa?"

"Tana nan, Kawu, ba ta faɗa ruwa ba."

Bai karɓi kwamfutar daga hannuna ba. Ya zauna gefe, ni na gyara da kaina.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a bakin ruwa ce, ranar kasuwa. Wani mai jirgi da ya cika da fasinjoji ya buɗe waya, jan gargaɗi ya bayyana nan take. Ya ce, "Jama'a, ku sauko, sai iskar nan ta wuce." Aka yi ta gunaguni, amma aka sauko.

Bashar ya dafa kafaɗata ya ce, "To, yau dai ka yi barci."

Ina alfahari da cewa na yi ɗalibta a hannun sa'an ƙanena.

Allah Ya jiƙan Bashar, Ya haskaka makwancinsa, Ya ba Innarsa juriyar wannan rashi. Duk wanda ya karanta, ina roƙon ya sa shi cikin addu'a.